Darasin Kimiyya: Gano Tsutsotsi da Ƙwayoyin Cutar Hanji a Bayan Gida da Madubin Likita

Akwai halittun da ba sa iya rayuwa sai a jikin wata halitta. A can suke fakewa, a can suke ci, a can suke hayayyafa, mai masaukinsu kuwa ba abin da yake samu sai cutarwa. Duk wanda ya taɓa ganin kauci a reshen bishiya ya ga irin wannan zama: tsiro ne da ba shi da saiwa a ƙasa, ruwan bishiyar yake tsotsa. Irin waɗannan halittu su ne za mu kira cima-zaune a wannan darasi, kuma waɗanda suka shafe mu su ne masu zama a hanjin ɗan Adam. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum biliyan 1.5, wato kusan kashi 24 cikin ɗari na mutanen duniya, na ɗauke da tsutsotsin da ake kamuwa da su ta gurɓatacciyar ƙasa. Wannan lissafi ma bai haɗa da sauran ire-irensu ba.

Cima-zaunen hanji kashi biyu ne. Kashi na farko su ne tsutsotsi, dabbobi ne sosai masu jiki da gaɓoɓi, da yawansu akwai mace akwai namiji, kuma idan sun girma ido na ganinsu. Macijin ciki na cikinsu, haka ma tsila. Kashi na biyu su ne furotozowa, waɗanda kowannensu ƙwayar halitta ɗaya ce tak, amma da ita yake motsi, yake ci, yake rabuwa biyu ya ƙaru. Ido ba ya ganin waɗannan ko da sun cika girma. Mai kawo wani nau'in atuni na cikinsu.

To, me ya sa bayan gida ake dubawa? Dalilin na cikin rayuwar halittun kansu. Mafi yawan tsutsotsi ba sa ƙaruwa a cikin mutum ɗaya. Dole ƙwansu ya fita waje ya samu sabon mai masauki, in ba haka ba zuriyar ta ƙare. Ƙofar fita daga hanji kuwa ɗaya ce. Saboda haka tsutsar na iya maƙalewa can cikin hanji inda ba mai ganinta, amma ƙwanta sai ya biyo bayan gida. Su ma furotozowa, idan za su fita, sukan dunƙule su lulluɓe kansu da ɓawo mai tauri don su jure zafi da bushewa. Wannan dunƙulalliyar siffa ita ce ƙunshi, wadda ma'aikatan ɗakin gwaji ke kira sist. Ɗaya siffar, mai ci da motsi a cikin hanji, za mu kira ta mai yawo. Aikinmu ke nan: neman ƙwai, da jariran tsutsa, da ƙunshi, da masu yawo.

Mutum na farko da aka san ya yi irin wannan dubawa shi ne Antonie van Leeuwenhoek, ɗan kasuwar yadi a garin Delft na ƙasar Holan. A shekarar 1681, lokacin da zawo ya kama shi, ya duba bayan gidansa da madubin da ya ƙera da hannunsa, ya ga ƙananan halittu suna motsi. Masana sun amince cewa abin da ya kwatanta shi ne wanda yau ake kira Giardia.

Kafin mu taɓa madubi sai mun fahimci ma'auni, domin da shi ake rarrabe kusan komai. Ku dubi rula: tsakanin ƙananan layuka biyu akwai milimita ɗaya. Idan aka raba wannan milimita gida dubu, kowane kaso shi ne maikiromita ɗaya. Idon mutum ba ya rarrabe abin da ya gaza maikiromita 100 ko kusa da haka. Jar ƙwayar jini faɗinta maikiromita 7 zuwa 8 ne. Ƙunshin furotozowa yawanci tsakanin 8 da 30 yake, ƙwan tsutsotsi kuwa daga 30 har zuwa 180. Ku riƙe girman jar ƙwayar jini da kyau, domin idan ta bayyana a gilashi takan zama abin gwada girman sauran abubuwa.

Karɓar samfur

Yawancin sakamakon da ya lalace, tun kafin ya iso ɗakin gwaji ya lalace. Ana ba majiyyaci mazubi mai tsabta, busasshe, mai faɗin baki da murfi, a rubuta sunansa da rana da lokaci a jikin mazubin, ba a murfin ba, tun da murfi na iya musanyuwa. Abin da ake bukata kaɗan ne, kamar cikin ƙaramin cokali ko biyu. Idan akwai wurin da ke da jini ko majina, daga nan za a ɗiba.

Abu uku ne ba a so su taɓa samfur: fitsari, ruwa da ƙasa. Fitsari na kashe masu yawo. Ruwan masai da ƙasa kuwa suna ɗauke da nasu ƙananan halittun da ba ruwansu da mutum, amma sai su rikita mai dubawa. Wannan gargaɗi na da muhimmanci inda ake tsugunar da yara a ƙasa. A shimfiɗa leda mai tsabta ko a yi a busasshen fo. Haka kuma a tambayi majiyyaci abin da ya sha. Maganin tsayar da zawo mai ɗauke da farar ƙasa, da man da ake sha don sassauta ciki, da farin ruwan bariyam da ake sha kafin ɗaukar hoton hanji, duk suna rufe abin da ake nema. Wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta kuma suna rage yawan furotozowa ba tare da sun kawar da su ba. Bayan bariyam da makamantansa ana jira mako ɗaya zuwa kwana goma, bayan magungunan kashe ƙwayoyin cuta kuwa mako biyu zuwa uku.

Sai lokaci. Mai yawo halitta ce marar juriya. Da zarar ta bar ɗumin jiki sai motsinta ya ragu, ta dunƙule, ta ruɓe. Kuma a bayan gida mai ruwa aka fi samunta, domin hanji ya koro ta da sauri kafin ta yi ƙunshi. Don haka ƙa'idar ita ce: mai ruwa a duba shi cikin minti 30 da fitarsa, mai laushi cikin awa ɗaya, mai tauri kuwa, wanda ƙwai da ƙunshi ne suka fi yawa a cikinsa, na iya kaiwa awa 24 idan an sa shi a firji. Idan hanya na da nisa, a cuɗa kaso ɗaya na samfur da kaso uku na ruwan fomalin mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari. Fomalin na adana siffar ƙwai da ƙunshi, sai dai motsi ya tafi ke nan.

Ido ne ke fara aiki kafin madubi. A dubi kauri da launi, a ga ko akwai jini ko majina, a rubuta. Wani lokaci amsar ma a fili take: macijin ciki mai tsawon santimita 20 zuwa 35, ko wani farin yanki mai faɗi da ke miƙewa yana tsukewa, wanda gaɓa ce ta tsila da ta tsinke.

Haɗa gilashi

Hanya mafi sauƙi ita ce jiƙaƙƙen shafi. A ɗauko fallen gilashi mai tsabta, a ɗiga ɗigo ɗaya na ruwan gishirin gwaji a gefen hagu, ɗigo ɗaya na ruwan aidin irin na Lugol a gefen dama. Da kan tsinke a ɗebo samfur kamar miligiram 2, wato gwargwadon kan ashana, a dama a ruwan gishirin. A sake ɗebo wani a dama a aidin. Sannan a rufe kowanne da siririn murfin gilashi, a fara kafa gefe ɗaya a ɗigon a kwantar da shi a hankali don kada iska ta shiga ta yi kumfa.

Kowane ɗaya daga cikin ruwan nan biyu da dalilinsa. Ruwan gishirin gwaji ana haɗa shi da giram 8.5 na gishiri a lita ɗaya ta tataccen ruwa, ƙarfin da ya yi daidai da na ruwan jiki. A cikin ruwa zalla mai yawo zai sha ruwa ya kumbura ya fashe; a ruwan da gishiri ya yi yawa zai motse. A wannan daidaitaccen ruwa ne yake ci gaba da motsi har mu gan shi. Aidin kuwa kashe shi yake yi nan take, amma yana rina ƙunshi ya koma ruwan ɗorawa mai duhu, cibiyoyin da ke ciki su fito a iya ƙirga su. Cibiya a nan ita ce ɗan dunƙulen da ke cikin ƙwayar halitta, mai riƙe da bayanan gado. Gefen gishiri na neman motsi ne da ƙwai, gefen aidin na tantance ƙunshi.

Kaurin shafin ma abin lura ne. Idan ya yi kauri, tarkacen abinci zai binne ƙwai. Idan ya yi ruwa da yawa, abin da aka duba ya yi kaɗan. Tsohuwar dabarar ma'aikata ita ce a ɗora gilashin a kan rubutun jarida: in ana iya karanta rubutun ta cikinsa, ko da da ɗan dishi-dishi, to ya yi. A lokacin hunturu da bazara shafi na bushewa da sauri ƙwarai, don haka kada a haɗa gilasai da yawa a jere a ajiye.

Madubin likita na da gilasan ƙara girma iri biyu: na sama inda ake sa ido, mai ninkawa sau 10, da na ƙasa da ke fuskantar samfur, waɗanda ake juyawa a zaɓa. Na ƙasa mai lamba 10 tare da na sama na ba da ninki 100. Mai lamba 40 na ba da ninki 400. Da mai lamba 10 ake farawa. Sabon ɗalibi yakan buɗe haske duka, yana zaton yawan haske ne yawan gani. Akasin haka ne. Ƙunshi da ƙwan wasu tsutsotsi garai-garai suke, haske mai ƙarfi na ratsa su su ɓace. A tsuke ƙofar haske har gefunan abubuwa su fito. Sannan a fara daga kusurwa ɗaya ta murfin, a bi layi har ƙarshe, a ɗan sauko, a dawo, haka har a gama murfin duka. Duk abin da aka yi shakkarsa a kawo shi tsakiya, a juya zuwa mai lamba 40. Wanda ya leƙa wuri uku ko huɗu ya tashi bai duba samfur ba.

Tambayoyi huɗu ga kowane abin da aka gani

Nawa ne girmansa? Yaya siffarsa? Yaya ɓawonsa? Me ke cikinsa? Sai amsoshin huɗu sun dace da juna ake ambatar suna. Girman ba da ƙiyasi ake sanin sa ba. Akwai ɗan ma'auni da ake sawa cikin gilashin ido, a daidaita shi da kowane gilashin ƙasa.

Mu fara da ƙwan macijin ciki, Ascaris lumbricoides, wanda shi kusan kowane ɗalibi ke fara ganewa. Tsawonsa maikiromita 45 zuwa 75, kewayayye ko mai ɗan tsawo, ruwan ƙasa-ƙasa saboda ruwan matsarmama ya rina shi, ɓawonsa mai kauri da gurje-gurje a waje, cikinsa dunƙule ɗaya da bai rabu ba. Amma yana da wasu fuskoki biyu da ke ruɗarwa. Wani lokaci rigar waje mai gurje-gurjen takan saɓule, ya fito sumul. Kaurin ɓawon ne zai tona shi. Idan kuma mace ce ba namiji a hanjin, ƙwan da take yi ya fi tsawo, yakan kai 85 zuwa 95, ɓawonsa siriri, cikinsa cike da ƙananan ɗigo-ɗigo marasa tsari. Da yawa sukan wuce wannan suna zaton tarkacen ganye ne.

Ƙwan tsutsa mai ƙugiya daban yake sarai. Tsawonsa 60 zuwa 75, ba shi da launi, ɓawonsa siriri kamar an ja layi da alƙalami, akwai fili garai tsakanin ɓawon da abin da ke ciki, abin cikin kuma ya rabu gida huɗu zuwa takwas. Shi ne ƙwan da hasken da ya yi yawa ya fi ɓoyewa. Jariran wannan tsutsa ta fatar ƙafa suke shiga jikin mai tafiya ba takalmi a damshin ƙasa, manyan kuma jini suke tsotsa a bangon hanji, shi ya sa take haddasa ƙarancin jini ga yara da masu juna biyu. Iri biyu ne suka fi kama mutum, Necator americanus da Ancylostoma duodenale, amma ƙwansu ba ya rarrabuwa a madubi. Abin da za a rubuta kawai shi ne an ga ƙwan tsutsa mai ƙugiya.

Ƙwan Trichuris trichiura, tsutsa mai siffar bulala, ba ya wahalar da kowa: tsawon 50 zuwa 55, mai kumburin tsakiya, da farin toshi a kowane baki. Ƙwan tsila, Taenia, ƙarami ne kewayayye, maikiromita 30 zuwa 40, ɓawonsa mai kauri da zane-zane da suka nufi tsakiya, a ciki akwai ƙananan ƙugiyoyi shida. Ita ma manyan ire-irenta biyu ne, ta naman shanu da ta naman alade, kuma ƙwan bai nuna wacce ce ba. Sai an samu gaɓa an matse ta tsakanin gilasai biyu an ƙirga rassan mahaifarta: ta alade na da 7 zuwa 13 a kowane gefe, ta shanu ta fi haka yawa. A ƙasar Hausa ta shanu ce aka fi sani, kuma ta naman da bai gasu ko bai dahu har ciki ba take shiga. Akwai kuma ƙaramar tsila, Hymenolepis nana, mai yawan kama yara, wadda ƙwanta ke da ɓawo biyu sirara da wasu zaruruwa a tsakaninsu.

Babba a cikinsu shi ne ƙwan Schistosoma mansoni, mai tsawon 114 zuwa 180, da ƙaya ɗaya a gefensa. Mun fi sanin 'yar'uwarta, Schistosoma haematobium, mai kawo tsargiya, wadda Theodor Bilharz ya gano a birnin Alƙahira a 1851. Ƙwan wannan a fitsari ake nemansa, ƙayarsa kuma a ƙarshe take. Mai ƙaya a gefe kuwa a jijiyoyin jinin hanji take zama, tana iya lalata hanta a hankali, kuma duka biyun ta ruwan da ke da wasu ƙananan katantanwa ake kamuwa da su, irin na madatsun ruwa da magudanan noman rani. Idan ƙwan ya kwanta a kan ƙayarsa ba za a gan ta ba. A ɗan taɓa murfin gilashin da tsinke ya mirgina.

Furotozowa

Nan ne aikin ya fi bukatar natsuwa. Giardia mai yawo tsawonta 10 zuwa 20, gabanta mai faɗi, bayanta tsukakke, da cibiya biyu da zaruruwan ninƙaya takwas. Motsinta kaɗai ya isa shaida: tana tafiya tana jujjuyawa kamar ganyen da ya faɗo daga bishiya. Ƙunshinta mai ɗan tsawo ne, yawanci 11 zuwa 14, da cibiya huɗu idan ya nuna. Tana kawo zawo mai wari da maiƙo da kumburin ciki, ba jini.

Sai amiba. A 1875 wani likita mai suna Fedor Lösch ya gan ta a bayan gidan wani mai atuni a birnin Santa Fitasbag na Rasha, a 1903 kuma Fritz Schaudinn ya raɗa mata suna Entamoeba histolytica. Mai yawonta ba shi da tsayayyar siffa. Yakan turo wani sashe na jikinsa gaba kamar yatsa, sauran jikin ya kwarara ya bi. Ƙunshinta kewayayye ne, yawanci 12 zuwa 15, cibiyoyinsa ba sa wuce huɗu. Matsalar ita ce hanjin mutane da yawa na ɗauke da wasu amibobin da ba sa cutarwa ko kaɗan. Wadda aka fi gani ita ce Entamoeba coli, mai ƙunshin da ya fi girma, yawanci 15 zuwa 25, da cibiya takwas. Ƙunshi dunƙule ne, cibiyoyinsa ba a bene ɗaya suke ba, don haka sai ana murɗa abin daidaita gani sama da ƙasa a hankali ana ƙirgawa. Wanda ya ƙirga huɗu ya tsaya, alhali wasu huɗun na ƙasa, ya ɗora wa lafiyayye cutar da ba shi da ita.

Akwai wadda ta fi wannan wuya. Tun 1925 masanin Faransa Emile Brumpt ya ce akwai wata amiba marar cutarwa da ba ta da bambanci ko kaɗan da histolytica a madubi, ya kira ta Entamoeba dispar. An daɗe ba a yarda da shi ba, sai a 1993 binciken ƙwayoyin gado ya sa aka raba su a hukumance. Ma'anar wannan ga mai madubi a fili take: idan ya ga ƙunshi mai cibiya huɗu, ba shi da ikon cewa histolytica ce. Sunayen biyu zai rubuta tare. Abin da ke nuna mai cutarwa shi ne a ga mai yawo da jajayen ƙwayoyin jini da ya haɗiye a cikinsa, a sabon samfur mai jini da majina. A ganina wannan shi ne wurin da ya fi cancantar malamai su tsaya da ɗalibansu, domin a nan ne ake yawan rubuta wa mutum amiba, a ba shi metronidazole, alhali abin da ke damunsa daban ne. Atuni ma ba amiba kaɗai ke kawo shi ba; bakteriya irin su Shigella na kawo shi, alamarsu a gilashi kuwa ita ce tarin fararen ƙwayoyin jini, su kuma waɗannan fararen ƙwayoyi sabon ido na ɗaukarsu ƙunshi.

Bayan gida cike yake da abubuwan da ke kama da abin nema. Garin furen tsirrai na kama da ƙwan tsila ko na macijin ciki. Gashin ganye na kama da jaririyar tsutsa, sai dai ba shi da baki ko hanji, rami ne kawai ya ratsa shi. Ƙwayoyin yis na kama da ƙananan ƙunshi. Ƙwayar sitaci aidin na mayar da ita shuɗiya mai duhu, nan take ta tonu. Kumfar iska na da baƙin da'ira mai kauri, cikinta wayam. Har ma ƙwai na gaskiya na iya zama baƙo: wanda ya ci hantar saniya ko tunkiya mai tsutsar hanta zai fitar da ƙwanta ba tare da ya kamu ba. Sai ya bar cin hanta na wasu kwanaki a sake gwaji.

Me ya sa jiƙaƙƙen shafi bai isa ba

Mu yi ɗan lissafi. A ce mutum na fitar da giram 150 a rana, wato miligiram 150,000. Mu kuma miligiram 2 muka duba, kaso ɗaya ke nan cikin 75,000. Macen macijin ciki ɗaya na yin ƙwai kimanin 200,000 a rana, sai ya zama kowane shafi zai samu biyu ko uku. Ita kuwa Schistosoma mansoni kimanin 300 take yi a rana, kuma da yawansu a cikin jiki suke maƙalewa. Ko da duka sun fito, ƙwai biyu ne a giram, wato sai an duba shafi 250 kafin a yi tsammanin ganin ɗaya daga mace guda. Wannan ne ya sa aka ƙirƙiro hanyoyin tattara ƙwai wuri ɗaya.

Ta farko ita ce ta kwantarwa, wadda ta samo asali daga aikin wani masani mai suna Ritchie a 1948. A dama giram ɗaya a mililita 10 na fomalin, a tace da kyallen bandeji mai raga cikin kwalbar gwaji, a zuba kamar mililita 3 na sinadarin da ake kira ita ko na etil asitet, a toshe a girgiza sosai, a sa a na'urar juyi. Idan an fito da ita za a ga bene huɗu: sinadarin a sama da maiƙon da ya narkar, sai toshin tarkace, sai fomalin, sai ɗan abin da ya kwanta a gindi. Ƙwai da ƙunshi sun fi ruwan nauyi, don haka a gindin suke. A zubar da na sama, a duba na ƙasa da gishiri da aidin kamar dā. A kula, sinadarin ita mai kama wuta ne nan da nan, ba a buɗe shi kusa da fitila ko risho. Hanya ta biyu akasin wannan ce: a dama samfur a ruwan da ya fi ƙwai nauyi, kamar ruwan da ya ƙoshi da gishiri, ƙwai marasa nauyi su taso sama su manne a murfin gilashi. Tana da kyau ga ƙwan tsutsa mai ƙugiya, amma masu nauyi irin na Schistosoma ba sa tasowa.

Ta uku ita ce Kato-Katz, wadda Kato da Miura suka fara a Japan a 1954, Katz da abokan aikinsa suka gyara a Burazil a 1972. Ana danna samfur ta ragar nailan, a cika ramin wani ɗan farantin roba mai ɗaukar miligiram 41.7, a rufe da fallen salofen da aka jiƙa a gilisirin da koren rini, a danne ya baje. Gilisirin na mayar da tarkacen garai, ƙwai su fito. Tun da an san nauyin abin da aka duba, ana iya ƙirga: miligiram 41.7 sau 24 ya ba da giram ɗaya, don haka yawan ƙwan da aka gani sau 24 shi ne ƙwai a giram. Idan an ƙirga ƙwan macijin ciki 250, to 6,000 ke nan. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙasa da 5,000 kamu ne mai sauƙi, daga 5,000 zuwa 49,999 matsakaici, 50,000 zuwa sama mai tsanani. Ga Schistosoma mansoni kuwa, 400 kacal ya isa a ce mai tsanani. Da wannan hanya ake auna yaran makaranta kafin a yanke shawarar raba maganin tsutsa. Amma a karanta gilashin cikin minti 30 zuwa 60, domin bayan haka gilisirin na shafe ƙwan tsutsa mai ƙugiya.

Wasu kuma ba sa shiga wannan tarko duka. Enterobius vermicularis, 'yar farar tsutsa mai sa yara sosa dubura da dare, a fatar bakin dubura take zuba ƙwanta. Ana manna salatif garai a wurin da sassafe kafin wanka ko tsarki, a manna shi a gilashi a duba. Ƙwan na da gefe ɗaya miƙaƙƙe, ɗaya mai lanƙwasa. Strongyloides stercoralis ƙwanta a cikin hanji yake ƙyanƙyashewa, jarirai masu motsi ake gani, kuma ana rarrabe su da na tsutsa mai ƙugiya, waɗanda kan ƙyanƙyashe idan samfur ya kwana a ɗumi, ta gajartar ramin bakinsu. Cryptosporidium, mai tsananta zawo ga ƙananan yara da masu raunin garkuwar jiki, maikiromita 4 zuwa 6 ne kawai, sai an rina shi da wani nau'in rinin Ziehl-Neelsen ya fito ja.

Rubuta sakamako

A rubuta cikakken sunan abin da aka gani da matakinsa, ƙwai ne ko jaririya, ƙunshi ko mai yawo. A ambaci marasa cutarwa ma, domin ganinsu shaida ne cewa bayan gidan wani ya shiga abinci ko ruwan majiyyacin. Sunan na da muhimmanci domin magani ya bambanta: albendazole ko mebendazole ga macijin ciki da tsutsa mai ƙugiya, praziquantel ga Schistosoma da tsila, ivermectin ga Strongyloides, metronidazole ga Giardia da amiba mai cutarwa. Babu ɗaya daga cikinsu da ke maganin duka, kuma likita ne ke zaɓa.

Mai aikin ya tuna cewa ƙunshin amiba da na Giardia, da ƙwan Enterobius da na tsilar alade, suna iya kama shi daga kan teburinsa. Safar hannu, wanke hannu da sabulu, jiƙa gilasai da tsinkaye a ruwan kulorin, da barin ci ko sha a ɗakin gwaji, duk wajibi ne.

Idan ba a ga komai ba, abin da ake rubutawa shi ne ba a ga ƙwai ko ƙunshi ba. Ba a rubuta babu. Giardia takan fito yau ta ɓuya gobe. Macijin ciki sai ya yi wata biyu zuwa uku a jiki kafin ya fara ƙwai, idan kuma maza ne kaɗai ba za a ga ƙwai ba sam. Don haka idan alamun ciwo na nan, ku nemi majiyyaci ya kawo samfur uku, ana tsallake rana ɗaya tsakaninsu, duka a cikin kwana goma, ku duba kowanne da jiƙaƙƙen shafi da kuma hanyar tattarawa.